Madarar jarirai ta gwangwani a gidan da uwa ta rasu ta bar jinjiri

Idan mace ta rasu a kan gwiwa, ko kwana biyu bayan haihuwa, kafin a dawo daga maƙabarta wani ya riga ya tsaya a kemis ya sayo gwangwanin madara. Galibi ba wanda ya aike shi, kukan yaron ne ya hana shi zama. Zai miƙa ledar ta bakin zaure, mata su karɓa, daga wannan lokaci rayuwar jaririn ta rataya a kan gwangwanin da kuma hannun da zai riƙa buɗe shi sau takwas a yini. Gidaje irin wannan ba kaɗan ba ne a unguwannin Kaduna irin su Rigasa, Tudun Wada, Kawo, Badarawa da Unguwar Mu'azu. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2020 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu ta dalilin ciki da haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne. Allah ya jiƙansu, ya raya abin da suka bari.

Wannan sharhi na wannan gida ne. Jaririn da uwarsa ke raye tana iya shayar da shi ba ya buƙatar gwangwani, nononta ya fi shi ta kowace fuska. Ga marayan uwa kuwa, madarar gwangwani mai lamba 1, wato ta sabon haihuwa, kaya ce ta ƙwarai, ta raya yaran da a da sai dai a sa musu ido. Amma tana da aibi uku da ya kamata a faɗa tun farko. Tana da tsada fiye da yadda dangi ke zato ranar da aka sayo gwangwanin farko. Ba ta yafe kuskure, ko na ruwa ko na awo. Sannan bayanin haɗa ta an rubuta shi da Turanci cikin ƙananan haruffa, alhali wadda za ta haɗa ta da ƙarfe uku na dare sau da yawa kaka ce da idonta ya kumbura da kuka.

Kafin a saki jiki da gwangwani, a tambaya a cikin dangi ko akwai mai shayarwa. Ba sabon abu ba ne a addini ko al'ada: aya ta 233 a Suratul Baƙara ta halatta ba da yaro shayarwa, kuma Halimatus Sa'adiyya ce ta shayar da Annabi (SAW). Ƙanwar mamaciya ko matar wan miji mai goyo tana iya ɗaukar biyu, domin nono yana ƙaruwa ne gwargwadon tsotso. Ko macen da ta yaye nata tana iya dawo da nono idan jariri yana kama mata sau takwas zuwa goma a yini, sai dai yakan ɗauki makonni, kuma a tsakani dole a ci gaba da ba shi madara. Sharaɗi biyu ne ba a tsallakewa. A yi mata gwajin ƙanjamau da ciwon hanta a asibiti kafin ta fara, ba tare da jin kunya ko ganin an zarge ta ba. Sannan a rubuta a takarda wa ta shayar da wa, a gaya wa manya, domin a mazhabar Malikiyya nonon da ya kai cikin yaro a shekaru biyun farko, ko da sau ɗaya ne, yana haramta aure tsakaninsa da 'ya'yanta. Ko shayarwa biyu ko uku a yini aka samu, sauran aka cike da madara, yaron ya ci riba, aljihun uba ma ya huta.

Idan ba a samu ba, sai a koma kan wane gwangwani. A kantunan Kaduna za a ga NAN, SMA, Lactogen, Peak Baby, Cow & Gate, Aptamil da wasunsu, farashinsu ya yi nisa da juna. Abin dubawa na farko shi ne lambar da ke jikin gwangwanin. Lamba 1 ta haihuwa zuwa wata shida ce, lamba 2 daga wata shida, lamba 3 ta wanda ya shekara. Mai saye cikin ruɗewa yakan ɗauki 2 ko 3 saboda ya fi araha ko yana ganin babbar lamba ta fi ƙarfi, kuma wannan kuskure ne mai cutarwa ga ɗan kwana uku. Duk madara mai lamba 1 da ke da rajistar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, an yi ta ne a kan ma'auni ɗaya na duniya dangane da furotin, mai, sinadarin ƙarfe da bitamin. Saboda haka shawarata a fili take: a zaɓi wadda gidan zai iya saye wata shida ba yankewa, kuma ake samunta a kemis mafi kusa. Mai araha da aka haɗa daidai ta fi mai tsada da aka tsinka da ruwa don ta kai ƙarshen wata. Nau'in waken suya, da wanda aka cire wa sukarin madara, da na bakwaini, duk sai likita ya rubuta.

Madarar shayi ta manya, ta gari ko ta ruwa, ta leda ko ta gwangwani, ba abincin jaririn da ke ƙasa da wata shida ba ce. Haka nonon saniya da na akuya, haka kunu da koko. Furotin da gishirin da ke cikin madarar dabba sun fi ƙarfin ƙodar jinjiri, sinadarin ƙarfen da ke cikinta kuma bai kai ya hana shi ƙarancin jini ba. Kunu kuwa cika ciki kawai yake yi, yaro ya yi shiru yana ramewa. Zuma ma kada ta shiga bakinsa sai ya shekara, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai saki jijiyoyin jariri.

Wajen saye, Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da manyan kantunan titin Ahmadu Bello sun fi sauƙi idan katan za a ɗauka, kemis na unguwa kuma shi ne na gaggawa. Ko ina ne, a juya gwangwanin a duba gindinsa. Ranar ƙarewar aiki ta zama bugun kamfani ce mai tsafta, ba takardar da aka manna ba, ba kuma wurin da ya nuna alamar gogewa da sake rubutu ba. A duba lambar NAFDAC. A cire murfin roba a tabbata takardar azurfa ta ciki ba ta ɗaga ba ko ta gefe ɗaya. Gwangwanin da ya lotsa a baki, ko ya yi tsatsa, ko aka jera shi a rana a gaban shago, a bar wa mai shi. Wanda ya ce zai auna muku a leda daga babban gwangwani, ku yi masa godiya ku wuce. Ba za ku ga tallar lamba 1 a rediyo ko talabijin ba, kuma ba a yarda a raba ta kyauta don jawo ciniki ba. Ƙa'idar duniya ta 1981 da dokokin NAFDAC ne suka hana, don kada a raba mata masu rai da shayarwa.

Yanzu lissafi, wanda a ganina shi ne zuciyar maganar, kuma shi ne ba a yi a gidan makoki. Gwangwani mai giram 400 yana ɗauke da kimanin cokalin awo 90. Jariri mai kilo uku yana shan cokali 16 a yini, wato gwangwani ya kai shi kwana biyar ko shida. A nan dangi ke ruɗuwa su ce ashe da sauƙi. Amma yaro girma yake yi. Idan ya kai kilo biyar, gwangwanin nan kwana uku ko huɗu zai yi. A wata na farko za a buƙaci kamar gwangwani biyar, na biyu takwas, na uku da na huɗu tara-tara, na biyar da na shida goma-goma. Jimla kusan gwangwani 50 ke nan, kilo 20 na garin madara, kafin ya fara cin wani abu. A je kemis a tambayi kuɗin gwangwani ɗaya a yau, a ninka sau 50, a ƙara kuɗin gas ko gawayi na tafasa ruwa da sabulu, sannan a tuna cewa farashin kayan waje bai tsaya wuri ɗaya ba tun da aka saki naira a 2023. Wannan adadin ne ya kamata uba da 'yan'uwansa da dangin mamaciya su zauna a kai kafin ranar suna, tun mutane ba su watse ba, tun zukata na da taushi.

Ciyar da yaron a wuyan uba yake, wannan ba gardama. Amma uban da ya biya kuɗin asibiti, ya yi hidimar jana'iza, ya rufe shago kwana bakwai, da wuya ya ɗauki wannan shi kaɗai. Abin da ke faruwa a gidaje da yawa shi ne wata na farko gwangwani har ya yi yawa, kowa ya zo da nasa iri daban-daban, zuwa sadakar arba'in an fara jan ƙafa, a wata na uku, daidai lokacin da shan yaron ya ninka, sai ka ji ana cewa a rage cokali ɗaya ai ba komai. Maganinsa a raba watanni da suna: baffa wata na biyu, kawu na uku, gwaggo da mijinta na huɗu. Masu zuwa ta'aziyya da ke tambaya da gaske me za su kawo, a gaya musu sunan madarar da lambarta ba tare da nauyin baki ba. Buhun shinkafa na uku da lemon kwalba baƙi ne za su cinye, gwangwani kuwa na maraya ne.

Haɗawa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne garin madarar kansa ba a kashe duk ƙwayoyin cutar cikinsa ba, ko da sabo ne fil daga kamfani. Lokaci-lokaci akan samu wasu ƙwayoyi masu haɗari ga jarirai a ciki, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a haɗa da ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 ba. Ba sai an nemi na'urar awon zafi ba. A tafasa lita ɗaya a tukunya mai murfi har ya yi ta ɓararraka, a sauke, a yi amfani da shi kafin minti 30 su wuce. Da hunturu, ko idan ruwan kaɗan ne, a rage jiran, domin yana saurin hucewa. Kowane ruwa sai an tafasa: na famfo, na rijiyar burtsatse, na 'yan garuwa, na leda, har na gora. Kada a ce ai fiya wata ne. A wanke hannu da sabulu. A fara zuba ruwa a fida ko kofi mai alamar awo, a ajiye a wuri mai daidai, a sunkuya a duba layin da ido. Bayan ruwa sannan gari, ba a juya wannan tsarin, domin idan gari ya riga shiga, ruwan zai gaza. Cokalin awo ɗaya ga kowace mililita 30. A ɗebo shi sakwa-sakwa, kada a danna, a shafe samansa da bayan wuƙa busasshiya ko gefen da aka yi a bakin gwangwanin. A shafe, ba tozo. A rufe, a girgiza, a tsoma gindin fidar a kwanon ruwan sanyi ba tare da ruwan ya kai murfi ba, sannan a ɗiga a cikin wuyan hannu. Idan an ji ɗumi-ɗumi kawai, ta yi.

A nan akwai wani saɓani da ke rikita mai karatu. Wasu gwangwanayen sun rubuta a bar ruwan ya huce zuwa digiri 40, saboda sun sa wasu ƙwayoyi masu amfani ga hanji waɗanda zafi ke kashewa. Ga jaririn da bai kai wata biyu ba, ko bakwaini, ko wanda aka haifa da ƙaramin nauyi, a bi digiri 70. Asarar waɗancan ƙwayoyi ƙarama ce idan aka auna ta da sanƙarau ko cutar jini a jikin ɗan mako biyu.

Filas abokin aiki ne, musamman da dare da kuma inda wuta ba ta tsayawa. A ware guda ɗaya na yaron kaɗai, wanda shayi bai taɓa shiga ba, a ɗauraye shi da tafasasshen ruwa, a cika shi taf a rufe gam. Filas mai kyau da aka cika yana riƙe zafin da ake so na wasu awanni. Amma ruwa kawai ake sawa. Wani babban kuskure mai kai yara gadon asibiti shi ne a haɗa madarar dare gaba ɗaya bayan isha'i a juye a filas don a huta tashi. Madara mai ɗumi da ta kwana a rufe gonar ƙwayoyin cuta ce. Wadda aka haɗa a sha ta cikin awa biyu, a zafin Maris da Afrilu na Kaduna ma kada a kai hakan. Abin da yaro ya rage a zubar, ko da zuciya na ƙuna saboda kuɗin. Dabarar rage asara ita ce a haɗa kaɗan, in bai ƙoshi ba a ƙara mililita 30. Firji yana riƙe ta har awa 24 ne kawai idan sanyinsa bai yanke ba, kuma gidaje nawa ne za su rantse da hakan? Gwangwanin da aka buɗe a rubuta ranar a murfinsa, a gama da shi cikin wata ɗaya ko abin da kamfanin ya faɗa, a ajiye shi a inuwa, ba a firji ba. Da damina, idan jiƙaƙƙen cokali ya koma ciki, garin zai dunƙule ya lalace.

Akan ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya. A kan madarar jariri maganar ta juye. A ɗakin makoki za ka ga fida tana yawo: inna ta haɗa ta safe da tozo don tausayi, tana cewa yaron nan bai sha nonon uwarsa ba a bar shi ya ji kauri, maƙwabciya ta haɗa ta azahar da cokalin shayi saboda na awon ya nutse a cikin gari, yarinya 'yar sakandare ta haɗa ta la'asar da ruwan randa saboda gas ya ƙare. Kowace da kyakkyawar niyya. Mai kauri tana jawo ƙishirwa da taurin bayan gida, tana wahalar da ƙoda, har ta kai yaro ga bushewar jiki. Mai tsinki tana hana shi girma, idan ruwan ya yi yawa sosai gishirin jininsa ya faɗi ya kama jijjiga, sai a ce iska ce ko mamaciya ce ke kiransa, alhali awo ne. Cokalin wani gwangwani ba ya aiki a wani, girmansu ba ɗaya ba ne. Wanda ɗan'uwa ya aiko daga Amurka ma ya fi buƙatar lura, domin da yawansu cokali ɗaya na mililita 60 ne. Saboda haka mutum biyu kacal za a ɗora wa haɗawa, ɗaya ta rana ɗaya ta dare, nas ko ungozoma ta nuna musu da hannu kafin a bar asibiti, su ma su haɗa a gabanta. A rubuta awon da Hausa ko ajami da manyan haruffa a manna a bango kusa da filas. Idan wata babba ta miƙo hannu, a ce mata, "Hajiya, ki riƙe mana shi ki ba shi, haɗawar dai an bar wa Anti." Ba wanda zai ji haushin wannan.

Yawan abin da zai sha ana lissafa shi da nauyinsa: kimanin mililita 150 ga kowane kilo a yini. Ranar farko cikinsa ƙarami ne, ana farawa da mililita 60 ga kilo, ana ƙara 20 kullum har a kai. Mai kilo uku, bayan makon farko, zai sha kusan mililita 60 sau takwas, wato duk awa uku, har da dare. Mai kilo biyar kusan 120 sau shida ko bakwai. Wannan jagora ne, yaro ba mudu ba ne. Idan ya kau da kai ya rufe baki kada a tilasta masa. Ba ya buƙatar ƙarin ruwa tsakanin shan madara idan an haɗa daidai. Masu son ba shi ruwan addu'a su yi masa tofi a jiki, ya wadatar, cikinsa bai kai ɗaukar ruwan da ba a tafasa ba.

Tsakanin fida da kofi, inda ruwa da makamashi suka yi ƙaranci kofi ya fi aminci, kuma ma'aikatan lafiya sun fi ba da shawararsa. Ƙaramin kofi mai santsin baki ba shi da lungun da madara za ta maƙale. A zaunar da yaro a cinya a ɗan tashe, a tallafi wuyansa, a ɗora bakin kofin a leɓensa na ƙasa, a karkata har madarar ta taɓa leɓen, a tsaya. Shi zai lasa ko ya kurɓa da kansa. Ba a ɗura masa. Ɗura ce ke kai madara huhu. Kwana biyu na farko za a yi ɓari, daga baya hannu ya saba. Wanda ya zaɓi fida ya sayi aƙalla uku da burushinsu, ya kwance kowane sashe bayan kowane sha, ya wanke da sabulu har cikin zoben murfi inda farin dauɗa ke taruwa, ya tafasa su minti goma a tukunyar da ruwa ya rufe su. Kada a faɗaɗa hujin kan fida da allura mai zafi don yaro ya gama da wuri, kada a zuba garin koko ko na kasta a ciki don ya yi barci, kada a jingina masa fida da filo a tafi gaishe da baƙi. Bayan ya sha a ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa, a kwantar da shi a rigingine.

Yadda za a san madarar ta karɓe shi ba wuya. Zai jiƙa kunzugu sau shida ko fiye a yini, fitsarin ba ja ba. Nauyin da ya rage a kwanakin farko zai dawo cikin mako biyu, daga nan ya riƙa ƙara giram 150 zuwa 200 a mako a watannin farko. Bayan gidansa ya fi na mai shan nono kauri da wari, wani lokaci ya yi kore-kore saboda sinadarin ƙarfe, kuma wannan ba dalilin canza madara ba ne. Yawan sauya iri duk mako don an ga kumburin ciki ɓarnar kuɗi ce, galibi laifin na iskar da ya haɗiya ne ko na awo. Amma idan ya ƙi sha sau biyu a jere, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko numfashinsa ya yi sauri, ko ya yi laushi ba ya motsi, ko maɗigarsa ta faɗa, ko zawo ya kama shi, ko tafin hannu da ƙafa suka yi ruwan ɗorawa, ba a jiran gari ya waye. A nufi asibiti mafi kusa. Asibitocin Barau Dikko, Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada da Gwamna Awan a Kakuri duk suna duba yara. A tafi da gwangwanin da cokalinsa don a ga yadda ake haɗawa. Katin rigakafi ma a neme shi a cikin kayan mamaciya, domin alluran haihuwa da na mako 6, 10 da 14 su ne suka fi salwanta a irin wannan gida. Ita ce da za ta riƙe ranakun a ka.

Akwai abin da ba a zuba a gwangwani ba, kuma a nan ne kayan ya kasa duk kyawunsa. Jariri yana sanin mutum ta ƙamshi da murya da yadda ake riƙe shi. Idan yau hannu goma suka ba shi, gobe wasu goma, zai sha ya ƙoshi amma ba zai natsu ba, kukan dare ya yi yawa, a ɗora wa madara laifi. Yana buƙatar ƙirji ɗaya da zai sani. Mai ba shi ta rungume shi jikinta, ta kalli idonsa, ta yi masa magana, ta goya shi. A fiƙihun Malikiyya reno bayan uwa yana komawa ga kakar wajen uwa, kuma sau da yawa hakan ake yi. Sai dai a tuna cewa wannan kakar 'yarta ta binne. Tana tashi sau uku da dare da fuskar da ke tuna mata wadda ta rasa, tana iya manta ko cokali biyu ta sa ko uku; in ta yi shakka ta zubar ta sake, kada kowa ya yi mata faɗa. A ba ta dare biyu a mako ta yi barci cikakke. Idan makonni suka wuce ba ta ci, ba ta barci ko an karɓar mata yaron, ko ta fara ƙin kallonsa, wannan ya wuce a ce mata ta yi haƙuri kawai, a kai ta ta ga likita. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa yana duba irin wannan damuwa, kuma zuwa can ba hauka ba ne.

Uban ma a bar shi ya riƙa ba ɗansa sau ɗaya a yini, ko bayan magariba. Wasu mazan sukan kasa ɗaukar jaririn a makonnin farko, zuciya tana haɗa zuwansa da tafiyar matar. Zama da shi minti goma sha biyar da kofi a hannu yana warware wannan fiye da nasiha. Yayyen jaririn kuma, 'yan shekara uku zuwa shida, suna tsaye a bakin ƙofa suna ganin kowa ya koma kan sabon yaro. Kada a ce musu Umma ta yi tafiya ko tana barci, za su yi ta jiran dawowarta ko su ji tsoron kwanciya. A gaya musu ta rasu, ba za ta dawo ba, ba laifinsu ba ne, ba kuma laifin ƙaninsu ba ne. Wannan na ƙarshen sai an maimaita. Idan babbar ta koma fitsarin kwance ko ta ce ita ma a ba ta a fida, ba rashin kunya ba ne, a zuba mata tata madarar a kofinta a zaunar da ita kusa. A ba ta aikin da ba haɗari, kamar miƙo tawul ko yi wa ƙaninta waƙa, amma cokalin awo da filas su yi nesa da hannunta.

Idan Allah ya kai shi wata shida, nauyin yana sauka. A fara ba shi kunu mai kauri da aka inganta da gyaɗa ko waken suya, ƙwai, kifi ko hanta da aka murƙushe, kabewa, dankalin Hausa, cokali biyu ko uku sau biyu a yini, ana ƙarawa a hankali, madara kuma tana nan. Ba dole ne a koma lamba 2 ba, lamba 1 tana yi har shekara. Gidan da ƙarfinsa ya ƙare kuma, jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2023 ta yarda cewa daga wata shida yaron da ba ya shan nono zai iya shan madarar saniya mai cikakken manta, tafasasshiya, ba wadda aka cire manta aka sa na itace ba, ba kuma mai kauri mai zaƙi ba, muddin abincinsa na ɗauke da abin da ke ƙara jini. A tattauna wannan sauyin da ma'aikaciyar awo, ta duba layin nauyinsa a kati kafin a ajiye gwangwani, sannan a sake kai shi awo bayan mako biyu.